Hangare, ƙasar jikokin makiyaya a tsakiyar Turai

In ana hirar Turai a nan Garwa, bakin kowa Faransa ne, sai Jamus, sai Ingila saboda bal. Hangare kam ba mai kawo ta, ni ma sai da ƙanena ya samu tallafin karatu ya tafi Debrecen, wani birni a can, na fara bin labarinta, kuma wallahi ƙasar ta shiga raina.

Mutanen su kansu asalinsu mahaya dawakai ne masu kiwo, Magyar, sun taso daga gabas da garkunansu suka shigo wajen shekarar 895 ƙarƙashin Arpad, suka ga fili da ciyawa da ruwa suka zauna. Wajen shekarar 1000 aka naɗa Istban sarki, ya kafa mulki ya shigar da su Kiristanci. Harshensu ma daban yake da na duk makwabtansu, danginsa na can nesa su Finlan da Estoniya.

Kiwon nan bai mutu ba fa. Kusa da Debrecen akwai Hortobagy, fili ne shimfiɗe iya ganinka ba tudu, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1999. Hoton da ƙanen nawa ya turo min a WhatsApp na daɗe ina kallo, shanu ne masu ruwan toka da dogayen ƙaho a buɗe, ka rantse na Mbororo ne a hanyar Ngaundere, ga rijiya a gefe da jigo, doguwar sanda da guga a bakinta. Masu kiwon dawakin suna sa shuɗin kaya da baƙar hula da doguwar bulala, wani ma sai ya miƙe tsaye ƙafa ɗaya kan wannan doki ɗaya kan wancan yana kora dawakai biyar a guje. Abincin da aka fi saninsu da shi, gulash, daga makiyayan nan ya fito, naman sa ne da albasa da dankali da jan garin tattasai da suke ce ma paprika, a rataye tukunyar ƙarfe kan wuta a fili.

Sun sha wuya kuma. Mongol sun afka musu a 1241, Turkawan Usmaniyya suka ci su da yaƙi a Mohacs a 1526, daga 1541 har 1686 Buda, wani ɓangare na babban birnin Budapest na yanzu, tana hannun Turkawa. Wannan zamanin ne ya fi jan hankalina a matsayina na musulmi, don har yau a Budapest akwai kabarin Gul Baba, wani sufi Baturke, da ake ziyarta, akwai gidajen wanka na ruwan zafi da Turkawa suka gina irin su Rudas, a garin Eger hasumiyar masallaci na nan tsaye ita kaɗai, a Pecs kuma babban masallacin Kasim Pasha ya koma coci amma mihirabinsa na nan. Abin na sosa min rai, sai dai na ji daɗi da ba su rushe ba. A 1920 kuma yarjejeniyar Trianon, wadda aka yi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta ɗebe musu kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarsu, shi ya sa har gobe akwai 'yan Hangare da yawa a Romaniya da Sulobakiya da Sabiya.

Budapest ɗin garuruwa uku ne aka haɗe a 1873, Buda da Obuda da Pest, kogin Danub ya ratsa tsakiya, Buda kan tudu Pest a kwance, ginin majalisa a bakin ruwa. Akwai tafkin Balaton ma ga masu son iyo. Kuɗinsu forint ne ba yuro ba duk da sun shiga Tarayyar Turai tun 2004, wanda zai je ya san da wannan kafin ya canza sefansa. Ni dai in Allah ya nufa na samu biza, kwana biyu sun ishe ni a birnin, sauran duk a wajen shanun zan yi su.