Talata, da batun yadda Turawa ke faɗin shekara

Safe kasuwa. Tumatir ya ɗan sauko, albasa tana nan inda take. Ƙafar Goggo da sauƙi, alhamdulillah.

Ummi ce ta tsaya mini a rai. Ta dawo daga makaranta fuska a murtuke, ko hijabi ba ta cire ba ta zauna a bakin ƙofa. Da ƙyar ta buɗe baki. Ashe an sa ta karanta darasin samun 'yancin kai da Turanci a gaban aji, da ta zo kan 1960 sai ta faɗe shi yadda ake faɗin lamba a lissafi, "one thousand nine hundred and sixty". Aji ya kwashe da dariya.

"Mama, to ba haka lambar take ba?"

Na ce haka take, amma Bature in shekara zai faɗa tsaga ta yake yi gida biyu, ya ce sha tara, ya ce sittin: "nineteen sixty". Har shekarun da can baya haka suke yi musu. 1066, lokacin da William na Normandy ya ci Ingila da yaƙi, "ten sixty-six" suke cewa. In sifili ya faɗo a tsakiya kamar 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, sai ka ji "nineteen oh three". 1900 kuwa "nineteen hundred".

Ta yi shiru tana lissafi da yatsu, sai ta ce to 2009 da aka haifi Yaya Abba fa, ai ba ta taɓa jin an tsaga ta ba. Yarinyar nan akwai lura. Na ce su ma a nan suka rikice. Da 2000 ta zo, "two thousand" kowa ya kama, suka ci gaba da haka har 2009, mutanen Ingila na sa "and" a tsakani, Amurkawa da yawa na yar da shi. Da 2010 ta shigo sai gardama ta tashi a tsakaninsu, wasu na son a koma tsagawa, wasu na nan a kan dubu biyu. Wasannin Olamfik na Landan a 2012 "twenty twelve" aka yi ta kiransu, kafin 2020 kuwa kusan kowa ya koma tsohuwar hanya.

"Kenan ba doka ba ce," in ji ta. Na ce sabo ne kawai.

Abin da ke ci mini rai, yadda muke yi da Hausa ta bi. Alif ɗari tara da sittin, a faɗi dubu, a faɗi ɗari, a cika lambar kamar yadda take ji a rediyon Babanta kullum. Masu dariyar nan a talabijin suka tsinci nasu, ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Malamin ma gyara kawai ya yi ya ce ta ci gaba, bai tsawatar ba, bai yi bayani ba. Yanzu ta ce ba za ta ƙara ɗaga hannu a ajin Turanci ba, ita da ke rige-rigen karatu.

Baban Ummi ya ce abin yara ne, gobe ta manta. Na san 'yata, ba ta mantuwa da irin wannan. Bayan isha'i na rubuta mata shekaru a bayan tsohuwar kalanda muka yi ta faɗi, ta iya duka, amma murya can ƙasa.

Har yanzu ba a kawo wuta ba. Gobe akwai suna a gidan Hajiya, ga guga ban yi ba.