Masaƙar ƙarfe a Daura

Jiya da daddare na dawo daga Daura, har yanzu ƙarar ƙoshiyar nan, wato abin da masaƙi ke jefa zare da shi, ba ta fita daga kunnena ba. Saƙi na je nema, wani Alhaji ya matsa mini lallai sai na hannu zai ɗinka babbar riga da shi. Mu kuwa a Kwari yanzu in ka ce saƙi, na inji za a miƙo maka.

Hanya lafiya lau, in ban da wani mai kaki bayan Kazaure da ya zazzage jakata a bakin titi. Da ya ga ba komai sai tef ɗin awo da ƙyallaye, sai ya ce in kwashe tsummokarana. Ko sannu babu.

Masaƙin da aka haɗa ni da shi dattijo ne, yana aiki a gindin bedi, wato darbejiya a bakinmu na Kanawa. Wadari ya miƙe har ƙarshen fili, kunkuru, wato katakon da ake ɗaure ƙarshen zaren a jikinsa, da dutsensa yana matsowa a hankali. Ban gama gaisuwa ba aka dire mini ƙwaryar fura da nono, irin wanda ludayi ke tsayawa a ciki. A Kano da tuni an tsinka shi da ruwa an kuma caje ka.

Abin da ya tsayar da ni na cikin zaure ne. Ɗansa, mai walda, ya haɗa masaƙa da bututun ƙarfe. Inda ake rataye allera, wato abin da ke ɗaga zaren wadari yana sauke shi, ya sa boris ɗin keke, matsefin kuma da wayar ƙafar keke ya jera shi, faɗinsa ya kusa kamu guda, alhali ƙwaryar uban, wato siririn ƙyallen da yake saƙawa, ba ta wuce yatsu huɗu ba. Ƙoshiyar ba a jefa ta da hannu. Akwai ɗan akwati dama da hagu, ka fizgi igiya ta harba can, ka sake fizga ta dawo. A wayar hannu ya ga dabarar, wadda wani Bature, John Kay, ya ƙirƙiro a Ingila tun 1733.

Ya ce in gwada. Fizgar farko ƙoshiya ta yi tsalle ta same ni a ƙauri, yara suka kwashe da dariya.

Matsalarta zare. Na kaɗin mata ba ya jure bugun, yanzu-yanzu ya tsinke, sai na kamfani. Gefen ƙyallen ma na duba, wani wuri ya tsuke, wani ya saki.

"Alhaji, ka dai gani," in ji dattijon. "Gaggawa gare ta. Riga kuwa ƙwarya-ƙwarya aka san ta."

"Baba, aikinka na kwana uku fa a wuni nake tashinsa," in ji ɗansa.

Uban bai tanka ba. Ni dai da na sunkuya ina duba saƙinsa, na ɗaga kai sai ga boris ɗin keke rataye a saman tasa masaƙar. Na yi kamar ban gani ba.

Ciniki ya yi zafi. Sau uku ina tayi yana cewa albarka, ƙarshe na biya yadda ya yanka, don ko a Kano ba zan samu haka ba. Na ɗansa kuma na ɗauki guda biyu na mayafi, kusan rabin kuɗi.

Da la'asar na leƙa rijiyar Kusugu, na sha ruwan, na nufi tasha. Mota ba ta cika ba sai bayan magariba.