Ba kowa aka bai wa laima ba

Talata. Wuta ta zo da asuba, ta ɗauke kafin in gama guga. Kasuwa shiru, sai zafi.

Ummi ce ta jawo maganar. Ta dawo daga Islamiyya da jirgin takarda a hannu, ta tsaya a gabana: "Abba, in jirgi ya lalace a sama, ina direba zai faka?" Na yi dariya har na ƙware da kunu. Na ce mata ai dirowa yake yi da laima. Kawu Habu yana kan tabarmarsa, rediyo a kunne, na ɗauka ba ya jinmu. Sai ya ce, "Ba kowa aka bai wa laima ba."

Kun san Kawu in ya rage muryar rediyo. Ya ce a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, jiragen yaƙi katako ne da ƙyalle da waya, an shafe ƙyallen da wani fenti mai saurin kama wuta, tankin fetur kuma kusa da matuƙi. Amma Ingila ba ta bai wa matuƙanta laimar dirowa ba, alhali masu leƙen asiri cikin balan-balan suna da ita. Jamus ma sai a 1918 ta fara raba wa nata. A watan Afrilun 1917 kaɗai, wajen Arras a Faransa, Ingila ta rasa jirage sama da 200. Ya ambaci wani Mannock, gwaninsu, da ke yawo da ƙaramar bindiga don in jirgi ya kama da wuta kada ya ƙone da ransa. A Yulin 1918 aka harbo shi daga ƙasa, jirgin na ci da wuta.

Na ce, "Kawu, wannan ai ba jarumta ba ce, oda ce. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai da ake yi wa addu'a kafin ka hau tsani?" Maman Ummi ta fashe da dariya daga kicin. Ya ce wanda bai san haɗari ba ba a kiransa jarumi. Yaron da jiya ya ga abokinsa yana faɗowa kamar bakin wuta, ya kwana kusa da gadonsa babu kowa, da safe kuma ya ɗaura hula ya hau, shi ake nufi. Wai kusan irin jiragen ne guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano a 1925, Coningham na jagorantarsu, shi ma tsohon matuƙin wancan yaƙin.

Ban ba shi amsa ba. Na so in ce ai yara ne, wasu ba su kai ashirin ba, manya na ofis suna lissafi. Sai na tuna Sadiq zai cika sha tara bayan Sallah, har yau uwarsa ke tashinsa asuba.

Tuwon dare bai shiga ba sosai.

Alhamis zan tafi Legas, tikitin jirgi na cikin aljihun riga tun makon jiya, kuma sau biyu ina tambayar kuɗin mota a tasha. Jirgin Ummi yana kan rufin kwano, ta sa na yi mata alkawarin ɗauko shi gobe. Da tsani.