Ƙusoshin gindin tanki: idan ja da turi suka haɗu a kan ƙusa ɗaya

Iskar farkon damina ce ke gwada ƙusoshin notin da aka binne a kankare a Kano, na gindin tankin ruwa ne, ko na allon talla, ko na ginshiƙan ƙarfe a masana'antun Sharada da Bompai. Da iska ta bugo, ƙafafun da ke ɓangarenta sai su nemi tsigewa sama (ja ke nan), farantin ƙarfen da ke gindi kuma ya nemi zamewa gefe (turi ke nan). Tankin da babu ruwa a ciki ya fi shiga haɗari, domin babu nauyin da zai danne shi.

Abin da ya fi damuna shi ne a lissafa ja daban, turi daban, a ce kowanne ya tsallake. Ƙa'idar ginin kankare ta Amurka, ACI 318 (bugun 2019), babi na 17, ta ce a raba kowane nauyi da ƙarfin da ƙusa ke da shi a kansa. In sakamakon ɗaya bai wuce 0.2 ba, ɗayan na iya cin ƙarfinsa duka. In duka biyun sun wuce, jimlarsu kada ta haura 1.2. Ja 0.7 da turi 0.6 sun ba da 1.3, aikin ya faɗi ke nan.

Kuma sau da yawa kankaren ne ke fara sallamawa kafin ƙarfen. Ƙusar da aka ja tana ɓallo dunƙulen kankare mai siffar mazurari, wanda ke bazuwa ninki 1.5 na zurfinta ta kowane gefe. Ƙusa mai kai da aka binne milimita 200 a kankare mai ƙarfin 25 MPa (ma'aunin ƙarfin kankare) tana ɗaukar ja kusan 141 kN (kilonewton, ma'aunin nauyi) kafin ragin da ake yi domin kariya, amma sai da sararin milimita 300 ta ko'ina. A matso da ita milimita 150 daga bakin tushen kankaren, ƙarfin ya sauko wajen 90 kN. Ƙusoshi biyu da tazararsu ba ta kai milimita 600 ba kuwa rabon kankare ɗaya suke yi. Ga shi turi ya fi ɓarna idan ya doshi baki, domin gefen tushen yake ɓallewa. Ƙara kaurin ƙusa ba ya maganin wannan. A faɗaɗa tushe, ko a zagaye ƙusoshin da rodi mai lanƙwasa wanda ya ratsa inda tsagar za ta bi.

Idan an ɗora farantin a kan shimfiɗar siminti, a rage kashi 20 cikin 100 na ƙarfin ƙusa a kan turi. Ramukan faranti kuma galibi sun fi ƙusa faɗi, don haka ba duka ƙusoshin ke karɓar turi tare ba, sai an yi wa washa mai kauri walda a kan farantin.

Masu huda rami a busasshen kankare su kafa ƙusa da gam na musamman, don Allah a goge ramin da buroshi a hure ƙurar tas. Gam ɗin da ya manne a jikin ƙura zarewa yake yi tare da ƙusar.