Haruffan dalma a ƙasar Masar

Kayan gyaran injin shagonmu na buga katin biki da kalanda ne suka kai ni Alƙahira, amma labarin da nake ta ba yaran shago tun dawowata Kano na rubutu ne. Tun a tasi na fara lura da allunan shaguna. Mai sayar da wake ma sunansa da hannun gwani aka zana shi, kowane harafi zaune daram. Mu kuwa a nan sai mu cusa launi bakwai a fosta guda, mu matse haruffa har su shaƙe.

Wani ɗalibin Azhar, ɗan Sakkwato, shi ya ja ni kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya, kusa da Ataba. A wata rumfa dattijo ya zaro min littafin nahawu bugun Bulaƙ, tsohuwar maɗaba'ar gwamnatin Masar, takardar ta yi jaja-jaja. Na shafa shafin, yatsana ya ji gurbin da haruffan dalma suka danna. Matani a tsakiya cikin ƙawanya, sharhi ya zagaye shi a gefe, babu wurin da aka bari a banza, kuma ido bai gajiya. Da ya ga na ƙyasa sai ya yanka kuɗi mai zafi. Ɗalibin ya raɗa min, "Alhaji, ajiye shi mu yi kamar za mu tafi." Ba mu yi taku biyar ba aka kira mu, aka sallama a rabi, har da shayi. Shayinsu dai sukari ya yi masa yawa.

Littafin nan ne ya sa na hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya. Babban ɗakin karatunsu, wanda aka buɗe a 2002, bangonsa na dutsen Aswan ne, an sassaƙa haruffan rubuce-rubucen duniya kusan 120 a jiki. A ciki aka ajiye tsofaffin injinan maɗaba'ar Bulaƙ, wadda Muhammad Ali Basha ya kafa wajen 1820. Littafinta na farko ƙamus ne na Italiyanci da Larabci, a 1822, ita ce kuma ta riƙa buga jaridar gwamnati daga 1828. Na daɗe tsaye gaban akwatunan haruffa. Baƙin Larabci yana sauya kama a farko da tsakiya da ƙarshen kalma, ga masu hawa kan juna, don haka mai jerawa da ɗaruruwan gutsattsari yake aiki, kowanne a juye, yana tsinta ɗaya bayan ɗaya. Da irin wannan haƙuri aka jera Alƙur'anin Masar bugun 1924, wanda yawancin bugun ruwayar Hafsu ke bin tsarinsa har yau.

Abin ya taɓa ni ƙwarai. Wani Bamasare, Khaled Hosny, ya farfaɗo da salon haruffan Bulaƙ a kwamfuta da sunan Amiri, kyauta ga kowa. Mu da muke da rubutun allo mai kauri irin na Warshu, ga ajami, ga ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ, har yanzu ana buga katin aure babu ƙugiya saboda an ƙi neman haruffan da ke da ita. Na riga na hana hakan a shagona.

Kifin Iskandariyya akwai daɗi, akwai tsada. A filin jirgi wani jami'i ya juya littafin yana harara, ya jefo min shi kan tebur. Kayan injin kuwa sai mako mai zuwa za su iso.