Bishiyoyina sun mutu da ƙishirwa a tsakiyar hunturu

Har yanzu abin yana ci mini rai. Fiye da rabin dashen tuffa da na yi ya mutu a hunturunsa na farko, kuma abin da ya kashe shi abu ne da 'yan bokitan ruwa za su iya hanawa. Shi ya sa nake son duk mai shirin kafa gida da gona a wuri irin namu, inda sanyi ke da tsanani ruwan sama kuma bai taka kara ya karya ba, ya ji wannan labari kafin ya sa kuɗinsa da ƙarfinsa a rami.

Shirin sanyi kam na yi shi. Na zaɓi irin da ke jure digiri 30 ƙasa da sifili, na dasa da bazara bayan ƙasa ta saki, na yi ta ban ruwa duk tsawon lokacin zafi, bishiyoyin suka kama suka yi ganye shar. Da kaka ta zo ganye ya zube, sai na bi abin da littattafan lambu da ke hannuna suka ce: bishiya ta shiga barci, a tsiyaye tiyo, a rufe famfon waje kada ya fashe, a jira bazara. Ashe an rubuta littattafan ne domin wuraren da kaka ke zuwa da ruwa, dusar ƙanƙara kuma ta lulluɓe ƙasa wata da watanni. A can sama ce ke shayar da bishiya duk hunturu. A nan babu mai shayar da ita sai wanda ya dasa ta, kuma babu littafi ko ɗaya da ya ga ya dace ya faɗi haka ko da a layi guda.

Abin da ya fi zafi shi ne yadda suka mutu. Da ɗumi ya dawo sun yi toho, sun fitar da 'yan ganye, har na fara yi wa Allah godiya cewa sun tsallake. Zafi na fara shigowa sai ganyen ya yanƙwane ya bushe a kan reshe. Daga baya na gane cewa da ɗan abincin da ke ajiye a jikinsu suka yi wannan tohon, saiwar kuwa ta riga ta mutu tun tuni. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya tsufa yana noma a wannan yanayi, shi ya zo ya tona gindin ɗaya, ya ɗebo ƙasar ya murza ta zube daga hannunsa, sannan ya tambaye ni yaushe rabon da in ba su ruwa. Na ce tun zubar ganye. Bai ƙara cewa komai ba sai girgiza kai, ni kuma a nan na fahimci inda gizo ke saƙar.

Bishiyar da ta zubar da ganye ba ta daina rasa ruwa ba. Ɓawo da ƙananan rassa da idon toho duk suna ci gaba da fitar da laima, a hankali dai, amma kullum. Iskar sanyi kuma ba ta riƙe laima sosai: a sifili, iskar da ta cika fal da laima ba ta ɗauke da fiye da kusan giram 5 na ruwa a kowace mita kubik, alhali a digiri 30 na zafi tana iya ɗaukar giram 30. Tamu ba ma cika take yi ba. Idan rana ta haska ta ɗumama reshe, ga iska tana kaɗawa, sai ta yi ta zuƙe shi. A ƙasa kuma saiwar sabon dashe ba ta yi nisa ba, tana cikin tsawon hannu ɗaya daga sama, wato daidai inda ke fara bushewa kuma inda ke fara daskarewa. Busasshiyar ƙasa ta fi jiƙaƙƙiya saurin yin sanyi, sanyin kuma ya fi ratsa ta zuwa can ciki, domin ruwa yana riƙe ɗumi. Saiwa kuwa ba ta da juriyar reshe ko kusa. Wannan digiri 30 da aka rubuta a takardar dashe, maganar abin da ke saman ƙasa ake yi. Ni da na hana su ruwa, na haɗa musu ƙishirwa da sanyin saiwa lokaci guda.

Dusar ƙanƙara ita ta yaudare ni. Takan sauka ta yi fari fat, in leƙa ta taga in ce ai ga ruwa nan. A ƙiyasi, dusa mai kaurin santimita 10 ba ta wuce santimita 1 na ruwa idan ta narke, wadda ke sauka cikin tsananin sanyi kuma, mai laushi marar nauyi, ko hakan ba ta kaiwa. Sannan yawancinta ba narkewa take yi ta shiga ƙasa ba. Wata iska ce ke share ta ta tara a gindin shinge, wata kuma ta bi iska kai tsaye daga ƙanƙara ta zama tururi ba tare da ta zama ruwa ba. Kamar wanki ne da aka shanya cikin jaura: zai daskare ya yi tauri, amma idan aka bar shi sai a tarar ya bushe. Haka gonata ta yi ta bushewa a gaban idona ina ganin fari ina jin daɗi.

Yanzu ban ruwan kaka shi ne aikin da ba na wasa da shi a duk shekara. Bayan ganye ya zube, kafin ƙasa ta daskare, nakan shayar da kowace bishiya a hankali har ruwan ya ratsa kimanin santimita 30, kuma ba na yarda da ido, sai na soka ƙarfe na ji ya shige da sauƙi. Cikin hunturu kuma, duk watan da ya wuce babu dusar kirki a ƙasa, ina jiran ranar da ɗumi ya haura digiri 4 ko 5, in ɗauki bokiti da hantsi ko tsakar rana domin ruwan ya samu ya nutse kafin sanyin dare. Ma'aunin da nake bi shi ne kimanin lita 15 ga kowace santimita ta kaurin gangar bishiya, a zuba a kewaye inda saiwa ta bazu, kada a kwarara a jikin gangar. Idan ƙasa ta daskare tauri har ruwa ya kwanta a sama, a bari, zubawar ba ta da amfani. Akwai masu ce mini ruwan zai daskare ya kashe saiwa. Na ji wannan magana har na gaji. Waɗanda suka mutu a hannuna ba su ga ɗigon ruwa ba, waɗanda nake shayarwa yanzu kuma ga su nan tsaye.

Aiki ne mai wahala, ba zan ɓoye ba. Tiyo yana ɗaki a naɗe, famfon waje a rufe, sai dai jigilar bokiti daga cikin gida, hannu yana ƙagewa. Wanda zai dasa bishiya a irin wannan wuri ya fara tambayar kansa nawa zai iya shayarwa da bokiti a ranar sanyi, ya dasa daidai wannan adadi. Da na yi wannan lissafin tun farko, da dashen ma bai kai yawan da na yi ba.

Bayan ruwa sai rufin gindi. Ina zuba ɓawon itace ko tattaka mai kaurin santimita 7 zuwa 10 a kewayen kowace bishiya, in bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gangar, domin ɓeraye na son ɓuya a ciki su gaigaye ɓawo su zagaye shi, bishiyar da aka zagaye wa ɓawo kuwa ta gama. Ragar ƙarfe mai ƙananan ido a gindi tana maganinsu har da zomaye. Sai kuma ƙunar rana, wadda ita ma ban san da ita ba: gefen gangar da ranar la'asar ke duka yana ɗumama ya farka, rana na faɗuwa sanyi ya sauko gaba ɗaya ya daskarar da shi, ɓawon ya tsage ko ya mutu ya ɓare. Wuri mai bushewa sararinsa garau yake, babu gajimare da zai riƙe ɗumi da dare, don haka tazarar zafin rana da sanyin dare tana da faɗi ƙwarai. Farin fenti mai haɗin ruwa da aka sirka, ko farin ƙyallen naɗi da ake cirewa da bazara, ya wadatar.

Iska kuwa, da zan sake farawa, da ita zan fara kafin in dasa komai. Shingen tare iska yana ba da kariya mai kyau har nisan da ya kai tsawonsa sau goma, wato shinge mai tsayin mita 2 zai rufa wa mita 20 asiri. Shinge mai 'yan kafofi ya fi toshesshen bango amfani, domin bango yana sa iska ta tsallako ta murɗa a bayansa. Ga wata riba kuma: dusar da iska ke sharewa a bayan shingen take taruwa, ta narke a inda ake bukatarta. Cikin dashena na farko, waɗanda suka tsira duk na kusa da jikin rumbu ne, inda iska ba ta kaiwa kuma dusa ke jibgewa. Amsar tana nan a fili tun lokacin.

Kayan lambu ba su ba ni wahala irin wannan ba. Lokacin noma gajere ne, sai a zaɓi iri mai saurin nuna, a rena tumatir a ɗaki, a ajiye mayafin rufe shuka kusa da ƙofa domin sanyin bazata. Dankalin turawa, karas, kabeji da tafarnuwar da ake binnewa da kaka duk sun yi. A ɗakin ajiya ne bushewar ta sake cim mini. Na sa ido a kan ma'aunin sanyi kada kaya su daskare, ɗakin yana zaune daram a wajen digiri 4 kamar yadda ake so, amma kafin tsakiyar hunturu karas ya yi yaushi yana lanƙwasuwa, dankali ya motse. Waɗannan suna son laimar da ta kai kashi 90 cikin 100 ko fiye, iskarmu kuwa ko kusa ba ta kai ba. Yanzu karas yana kwana cikin yashi mai danshi a akwati, dankali a buhu da nake yayyafa wa ƙasan ɗakinsa ruwa, kuma na sayi ma'aunin laima na rataye kusa da na sanyi. Albasa da tafarnuwa daban nake ajiye su, su bushewar suke so. Nan ne yanayin ke rama mana: iri yana daɗewa bai lalace ba, shanya tana bushewa ba tare da fumfuna ba, cututtukan ganye da ke addabar masu damshi ba su cika zuwa mana ba.

Maganar shirin ko-ta-kwana ma daga ƙarshe a kan ruwa ta tsaya. Mutane sun fi tara itacen wuta da barguna, kuma suna da gaskiya, amma ranar da guguwa ta ɗauke wutar lantarki, injin da ke jawo ruwa daga rijiya shi ma ya tsaya. Kada wani ya ce zai narka dusa: a cika tukunya fal a ɗora a wuta, ɗan abin da zai kwanta a ƙasanta ko kashi ɗaya cikin goma da ƙyar, ga itacen da aka ƙone a banza. Ina ajiye aƙalla lita 4 ga kowane mutum a kowace rana, na sati biyu, wannan na sha da girki ne kawai, kuma a cikin gida inda ba ya daskarewa. Duk duro ko jarkar da za ta zauna a wuri mai sanyi ba na cika ta, domin ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, ya fasa mazubi.

Dabbobi su ne aka fi mantawa a wannan lissafi. Busasshiyar harawa suke ci duk hunturu, don haka suna bukatar ruwa sosai, kwamin shansu kuma yana daskarewa cikin dare. Akuyar da ba ta sha ba takan rage cin abinci, wadda ba ta ci ba kuma sanyi ya fi kama ta. Kaji ma ƙwai ke ja baya. Safe da yamma nake kai musu ruwa mai ɗumi-ɗumi a bokitin roba baƙi, wanda ake iya kifewa a buge ƙanƙarar ta faɗo ba tare da ya tsage ba. A ajiyar ruwan gida akwai nasu kaso daban, sannan akwai duro guda da na ware wa bishiyoyi, wanda ba na barin kowa ya taɓa ko da wanki ya taru.