Inda aka kwana a koyon hash: manhajar zaƙulo tagwayen fayiloli ta fara aiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. 'Yar manhajar nan da na ce muku ina haɗawa da yaren rubuta manhaja na Python, wadda za ta zaƙulo fayilolin da suka maimaitu a faifan ajiyata, ta fara aiki, alhamdu lillahi. Faifan maƙare yake da karatuttukan malamai da littattafan PDF da hotunan biki da na suna, abubuwan da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, kowa ya raɗa wa fayil sunan da ya ga dama. Karatu ɗaya sai ka same shi da suna uku a folda uku. Tunda suna ba abin dogaro ba ne, dole manhajar ta duba abin da ke cikin fayil ɗin, kuma a nan ne hash ya shigo.

Ga waɗanda ba su jima da shigowa cikinmu ba: hash lissafi ne da ake zuba masa bayanai komai yawansu, shi kuma ya fitar da lamba mai tsayi ɗaya wanda ba ya canjawa. SHA-256, wanda da shi nake aiki, bit 256 yake fitarwa (bit shi ne 0 ko 1, bit 8 ne bayit ɗaya), wato bayit 32, idan aka rubuta shi da lambobin hex, masu amfani da 0 zuwa 9 da a zuwa f, sai ya zama haruffa 64. Ko kalma ɗaya ka ba shi, ko bidiyon awa biyu, haruffa 64 ɗin nan za ka gani. Kamar dangwalen babban yatsa ne a kan takarda: yana nuna mai shi, amma ba ka iya ƙera mutum daga dangwalensa. Hukumar NSA ta Amurka ce ta tsara shi, hukumar NIST ta fitar da shi a 2001.

Kafin in taɓa fayil ko ɗaya sai da na tabbatar kayan aikina lafiya lau suke, kuma ina ba kowa shawarar ya fara da haka. Akwai amsoshi sanannu da ake gwaji da su. Idan ka ba SHA-256 haruffa uku, abc, amsar tana farawa da ba7816bf ta ƙare da f20015ad. Idan ba ka ba shi komai ba, fanko, tana farawa da e3b0c442 ta ƙare da b855. Wannan ta biyun ku haddace farkonta. Duk ranar da manhajarku ta fitar da e3b0c442 a kan fayil ɗin da kuka san ba fanko ba ne, to ba ta karanta komai ba ne, ko kuma an riga an karance fayil ɗin har ƙarshe kafin a miƙa shi ga lissafin.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wannan zangon shi ne, hash ba ya ganin rubutu, bayit kawai yake gani. Kusan duk wani saɓani da za ku ci karo da shi daga nan yake tasowa. Ku gwada a Linux ko a Termux, manhajar buga umarnin Linux a wayar Android: ku buga echo abc | sha256sum, ba za ku ga ba7816bf ba. Dalili, echo yana ƙara alamar sabon layi a ƙarshe, bayit huɗu aka lissafa ba uku ba. Ku sa echo -n abc, nan take amsar za ta daidaita. Bayit guda ne ya shiga tsakani, amma lambobin biyu ba su da wata kama, domin an tsara lissafin ne ta yadda canjin bit ɗaya tak yake juya kusan rabin bit ɗin amsar. Haka nan fayil ɗin rubutu da aka ajiye a Windows, inda ƙarshen layi bayit biyu ne, ba zai ba da hash ɗaya da takwaransa na Linux ba, inda bayit ɗaya ne, ko da idonka bai ga bambancin komai ba.

Mu masu rubuta Hausa wannan magana ta fi shafarmu. Harafin k bayit ɗaya ne a UTF-8, tsarin da ake mayar da haruffa bayit da shi. Harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. Na ɗ, C9 da 97. Na ɓ, C9 da 93. Shi ya sa Python ba ya yarda ka miƙa wa hashlib, ɓangarensa mai lissafa hash, rubutu kai tsaye, sai ka ce .encode("utf-8") tukuna, wato ka faɗi da bakinka yadda za a mayar da haruffan bayit. Wannan ƙin yarda gata ne aka yi mana. To amma inda gizo ke saƙar shi ne 'yar waƙafin sama ta 'ya'ya da 'yan'uwa. Akwai miƙaƙƙiya ta kan allon bugu, U+0027. Akwai lanƙwasasshiya da manhajar Word kan sauya maka ita ba ka sani ba, U+2019. Akwai kuma U+02BC. A Nijar ma da ƴ ake rubutawa, harafi guda mai zaman kansa. Kalma ɗaya, hanyar rubutawa huɗu, hash huɗu. Na sa manhajar ta gwada wasu rubuce-rubucen Hausa da na tara, ta ce min sun bambanta, kuma gaskiyarta: bayit ɗinsu ba ɗaya ba ne. Wanda yake so ya kwatanta rubutu ta ma'anarsa, dole ya fara daidaita waɗannan alamomi zuwa siffa ɗaya kafin ya lissafa. Idan rubutun na ɗauke da alamun karin sauti, irin na ƙamus, sai a haɗa da unicodedata.normalize da siffar NFC, saboda harafin à ana iya ajiye shi dunƙule, ana kuma iya ajiye shi a matsayin a da alama a rabe. Amma fa ku lura, normalize ba zai mayar muku da k ta koma ƙ ba, ba kuma zai haɗe waƙafin saman nan uku ba. Wannan da hannunku za ku yi.

Sai batun manyan fayiloli. Kar ku ɗebo fayil gaba ɗaya ku zuba a RAM, musamman mu da kwamfutocinmu ba masu ƙarfi ba ne. Ana buɗe fayil da "rb", a riƙa ɗiban bayit 65536 ana miƙa wa update(), har ya ƙare, sannan a kira hexdigest(). Amsar ɗaya ce da ta wanda ya zuba duka a tashi ɗaya. Daga Python 3.11 an ƙaro hashlib.file_digest mai yin wannan aikin a layi guda.

Dabarar da ta fi rage min jira kuwa ba ta hash ba ce ma. Fayiloli biyu da girmansu ya bambanta ba za su taɓa zama tagwaye ba, to me zai sa a wahalar da faifai wajen karanta su? Manhajar yanzu tana fara tara fayiloli gida-gida bisa girmansu. Duk wanda ya zauna shi kaɗai a gidansa an sallame shi. Waɗanda suka rage sai a lissafa hash ɗin farkonsu kaɗan, wanda ya tsallake wannan ma sannan a lissafa shi duka. Yawancin fayilolin tun a matakin farko suke fita.

Akwai abin da manhajar ba ta kamawa, kuma ba laifinta ba ne. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto ana matse shi a rage masa nauyi, ya koma wani fayil dabam ko da fuskokin nan ne dai a ciki. Karatun MP3 kuma, da wani ya gyara sunan malamin a cikin bayanan da ke maƙale da fayil ɗin, hash ya canja ko da sautin bai motsa ba. Gano abubuwan da suka yi kama da juna wani fanni ne na dabam, da nasa lissafin. SHA-256 tambaya ɗaya yake amsawa: bayit ɗin nan su ne waɗancan daidai wa daida, ko kuwa?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya tambaya me ya sa ban ɗauki MD5, wani tsohon lissafin hash, ba tunda gajere ne, haruffa 32 kawai. Don neman tagwayen hotunan biki, gaskiya MD5 zai yi. Amma ba na so hannuna ya saba da shi. Ron Rivest ya tsara shi a 1991, kuma a 2004 Wang Xiaoyun da abokan aikinta a Sin suka nuna yadda ake samar da bayanai biyu mabambanta masu MD5 ɗaya. Maganar ba ta tsaya a takarda ba: a 2012 aka gano muguwar manhajar Flame ta yi amfani da irin wannan dabara ta ƙirƙiri takardar shaidar boge da ta yi kama da ta Microsoft. SHA-1, wani lissafin hash da ya riga SHA-256 fitowa, shi ma ya bi sahu a watan Fabrairun 2017, lokacin da Google da cibiyar bincike ta CWI da ke Amsterdam suka fitar da fayilolin PDF biyu, abin da ke cikinsu dabam, SHA-1 ɗinsu ɗaya. SHA-256 har yau ba a nuna masa irin wannan ba. Tunda kiran sha256 da kiran md5 wahalarsu ɗaya ce a Python, ban ga dalilin ɗaukar wanda aka riga aka karya ba.

Da na zo kan SHA-1 na leƙa Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayiloli, na tarar da wani abin sha'awa. SHA-1 na fanko da39a3ee yake farawa, amma idan ka ba git hash-object fayil fanko, e69de29b za ka gani. Git yana liƙa kalmar blob da girman fayil ɗin da bayit sifili a gaba kafin ya lissafa. Maganar dai ɗaya ce, ka san ainihin bayit ɗin da suka shiga.

Abu biyu nake roƙonku kar ku yi da abin da na nuna a sama. Na farko, kar ku ajiye kalmar sirrin mutane da SHA-256 tsurarsa. Saurinsa, wanda shi ne alherinsa wajen fayiloli, shi ne illarsa a nan, don ɓarawon da ya sace rumbun bayanai zai yi ta gwada kalmomi bila adadin cikin ƙiftawar ido. A 2012 an fallasa kalmomin sirri kusan miliyan 6.5 na masu amfani da LinkedIn, an ajiye su da SHA-1 ba tare da gishiri ba, wato 'yan bayit ɗin nan na kan-mai-uwa-da-wabi da ake haɗa wa kowace kalmar sirri don kar mutum biyu masu kalma ɗaya su samu hash ɗaya. Ba a jima ba aka fasa mafi yawansu. Don wannan aiki akwai lissafai na musamman: bcrypt na 1999, da scrypt na 2009, da Argon2 wanda ya ci gasar da aka kammala a 2015. Da gangan aka rage musu sauri, biyun ƙarshe kuma har RAM suke ci. Amanar mutane ce a hannunku, ku ɗauki ɗaya daga cikinsu.

Na biyu, idan kuna son tabbatar da wanda ya aiko saƙo, kar ku manna mabuɗin sirri a gaban saƙon ku lissafa SHA-256 ku ce an gama. Yadda aka gina SHA-256 yana ba wanda ya ga amsar damar ƙara wa saƙon jela ya fitar da hash mai inganci ba tare da ya san mabuɗin ba. HMAC, wata hanya ta musamman ta haɗa mabuɗin sirri da hash, aka yi don toshe wannan ƙofa. Masu shirin haɗa manhajarsu da Paystack, kamfanin karɓar biyan kuɗi ta intanet, za su haɗu da shi: sanarwar biyan kuɗi da suke turowa tana zuwa da sa hannun HMAC na SHA-512. Ku lissafa naku a kan bayit ɗin saƙon yadda suka iso, kafin ku warware JSON ɗin, wato tsarin rubutun da saƙon ke zuwa a ciki, ku sake ɗaure shi, domin tazara ɗaya idan ta motsa sa hannun ba zai dace ba. Wajen kwatantawa kuma ku yi amfani da hmac.compare_digest maimakon alamar daidai guda biyu.

Yanzu abin da na sa a gaba shi ne rubuta SHA-256 da hannuna, don fahimta kawai, ba don in sa shi a wata manhaja ba. Na gama ɓangaren ciko. Ana yanka saƙo gunduwa-gunduwa, kowace bayit 64. A ƙarshen saƙon a sa bayit 80 na hex, a bi shi da sifilai, bayit 8 na ƙarshe kuma su ɗauki tsayin saƙon a lissafin bit. Na abc sai ya zama 61 62 63 80, sifilai su biyo baya, bayit na ƙarshe 18 na hex, wato 24, yawan bit ɗin abc. Lambobi 8 da ake farawa da su ba daga sama aka tsinto su ba, daga tushen murabba'in lambobin firam 8 na farko (lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu) aka ciro su, ta farkon 6a09e667 daga tushen 2. Saura zagaye 64 na cakuɗawa. Wanda zai bi ni a Python ya tuna lambobin Python ba su da iyaka, don haka bayan kowane tarawa sai an datse da & 0xFFFFFFFF a koma bit 32.

Duk wanda ya rubuta nasa cikon, ya gwada shi da saƙo mai bayit 55 da mai bayit 56. Na 55 yana shiga gunduwa ɗaya cif, na 56 kuwa dole ya haifar da ta biyu, don babu sauran wurin sa tsayin. Ku kwatanta amsoshinku da na hashlib a waɗannan biyun, da kuma 63 da 64, ku kawo abin da kuka samu mu duba tare in Allah ya kai mu zama na gaba.